Tayoyin Jatau Direba

Jatau direban babbar mota ne a Kaura Namoda, yana jigilar gero zuwa Shinkafi da Zurmi. Ba ya sayen taya sai ya cusa yatsa cikin zanenta, ya ƙwanƙwasa gefenta. Mai kauri da manyan haƙora yake ɗauka, saboda taɓon damina. Duk motar da ta kafe, shi ake kira ya ɗaura sarƙa ya jawo ta.

Da sababbin tayoyi suka yi wuya a shekarun tamanin, dole ya koma na gwanjo. Wata damina kusa da Badarawa, ya jawo motar Maitama, direban da Jatau da kansa ya koya wa tuƙi. Tana hawa tudu tayar Jatau ta fashe, motarsa ta kife a rami, ta danne masa ƙafa.

Maitama ya kwance sarƙar ya ce, "Baba, fasinja na jira, zan turo mutane."

Ba wanda ya turo. Manoma ne suka ciro Jatau, kuma ƙafar ba ta sake taka birki ba. Ya ƙare rayuwarsa zaune a bakin tasha, direbobi na wucewa suna danna masa oda, ba mai tsayawa.