Jan Ƙyallen Baba Tela

Gwiwa ta raba Baba Tela da gudu, amma shi ke ɗaura jajayen ƙyallaye a bishiyoyin kan tudu don masu tsere su gane hanya. Ranar tseren aka kece da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Da ya hau dubawa, ya tarar reshe ya karye, ƙyallen yana nuna hanyar kwazazzabo. Ga sawu ɗaya a taɓo ya bi can, sawun takalmin autarsa da ke kan gaba.

Ya gyara ƙyallen, ya yar da sandarsa, ya zura cikin santsi yana ƙwala mata kira. Gwiwar ba ta ce uffan ba.