Maud Tranter, Mai Keken Shayi da Kalmomin Kakanni

Kafin mazauna gidan tsofaffin nan su gama laluben tabaransu, Maud Tranter ta riga ta turo keken shayinta cikin baranda, taya ɗaya tana ƙara kamar kullum. Ta san mai son madara da yawa, ta san mai ɓoye biskit a aljihu. Amma ba don shayin nake mata jinjina ba, domin tsakani da Allah shayinta salam yake.

Maud ba ta ce wa tsoho ya saki ransa. Sai ta tono masa kalmar da kakarsa za ta faɗa, cikin tsofaffin kalmominmu na Turanci masu farawa da "un", waɗanda ke kiran rashin abu da sunansa. In gari ya ɓaci da iska da ruwa, ta ce "unweather". Matasan ma'aikata su yi ta dariya, ita ko a jikinta.

Iyayena duka biyu a gidan nan suka zauna. Bayan rasuwar mahaifiyata Edna, babana Wilfred ya daina magana. Likita ya zo, limamin coci ya zo, ni ma na yi surutu har na gaji. Tsorona ɗaya ne, kada ya tafi ban sake jin muryarsa ba.

Wata safiya ina zaune, Maud ta ajiye masa kofi, ta dubi kujerar Mama.

"Kai Wilf, ɗakin nan ya yi unked," ta ce. "Kada ma ka musa."

Haka mutanen ƙauyenmu na da ke kiran wurin da ya yi tsit don wanda ya saba cika shi ba ya nan. Rabona da jin ta tun ina yarinya.

Baba ya kalli kujerar.

"Haka Edna ke cewa in na tafi kasuwar tumaki," ya ce. Ya kurɓa, ya yamutsa fuska. "Maud, wannan shayi ne ko ruwan wanke-wanke?"

"Sha ka yi mana shiru, tsoho."

"A'a," na ce, hawaye na zuba. "Kada ya yi shiru!"

Ke ce kika dawo mini da muryar ubana, Maud, uwar marasa baki. Na gode. Mu da muka rage, mu riƙa zama kusa da tsofaffinmu muna yi musu magana da bakin da suka tashi da shi.

Ranar Juma'a za ki ajiye aiki. Da na gaya wa Baba, sai ya juya wajen baranda, inda ƙarar tayarki ke fitowa.

"Unked," ya ce.