Jirgin da Ya Leƙa Gidan Yayana

Shekarar da wani Bature ya zo da ƙaramin jirginsa mai ɗaukar hoto, ni aka kira in yi tafinta, don a unguwarmu ta Tudun Kaya ni ne na ɗan zauna a sakandare. An cire gyaɗa, dawa na tsaye. Jirgin bai fi faranti girma ba, ba shi da matuƙi, ƙararsa kamar zuma sun taso.

Muka zauna a ƙofar gidan mai unguwa. Baturen ya gaji da gaisuwa tun kafin a kai ga tambayar iyali. Mai unguwa ya ce da ni, "Tambaye shi, me da me yake son gani?"

Baturen ya ce ba shi ya zaɓa ba. Manyansa ne a can ƙasarsu suka zauna suka tsara abin da za a ɗauko musu a Ƙaraye da Rogo: gonaki, rafuka, hanyoyin da mota ke iya bi, da rumbuna.

"Rumbuna?" in ji mai unguwa. "Mutumin da bai taɓa cin tuwonmu ba, me ya haɗa shi da rumbunmu?"

Ya ce taimakon noma za a kawo. Ni dai abin bai kwanta mini ba. Mutanen da ba mu taɓa gani ba suna son sanin hanyarmu da ruwanmu da abincin da muka ajiye. Wani dattijo ya ce ma'adini suke nema, wani ya ce a Gwangwan ma haka suka yi ta shawagi, ba a ga ko buhun taki ba. Har yau ban san abin da suka yi da hotunan ba.

Mai unguwa ya kafa sharaɗi ɗaya. "Gona kowa na ganinta, ya ɗauka. Amma kada abin nan ya bi ta kan gidaje. Zaure muka yi don mai zuwa ta ƙasa, ba mu yi wa sama ƙyaure ba." Na faɗa wa Baturen, ya yarda, ya ce ni zan riƙa nuna masa inda gidaje suke.

To ni ma ina da abin da nake son gani. Gonar da mahaifinmu ya bari, an raba mana ni da yayana, aka dasa gamba a tsakani. Na daɗe ina zargin duk damina yana ɗan turo gambar nan cikin tawa. Ban taɓa tambayarsa ba. Kullum ina shiga gidansa kai tsaye, kamar yadda ƙanin miji ke yi, matarsa ta tare ni da tsiya: "Ga mijina na ƙarya, ba cefane sai cin tuwo!" In yi dariya, in ci, in fita da zargina a ciki.

Iyakar ta ƙare ne a bayan katangarsa, inda itatuwan darbejiya suka rufe gidan. Da muka isa wurin, Baturen ya nuna da yatsa ya ce, "Gida ne can?"

Na ce, "A'a, rumbuna ne."

Da jin rumbuna ya tura jirgin. Na san abin da na yi tun yana sama. Na ce a raina ai ɗan lokaci ne.

Kashegari Baturen ya dawo daga Ƙaraye inda ya kwana, yana murna, ya ce zai nuna wa jama'a hotunan don hankali ya kwanta. Maza suka kewaye allon na'urarsa, yayana yana ciki. Da aka zo kan gonarmu na ƙura ido. Gamba ta miƙe sambal daga gindin ɗorawa zuwa suri, yadda aka dasa ta ranar rabo. Babu inda ta karkace.

Sai ya goga yatsa, hoto na gaba ya fito. Tsakar gida ce. Ga turmi, ga igiyar shanya, ga matar yayana zaune a tabarma da ɗaurin ƙirji, kai ba ɗankwali, tana tsefe kitso.

Mutane suka kau da kai, ana ta salati. Mai unguwa ya kife allon da hannunsa.

"Wa ya kai shi nan?" in ji yayana. Bai ɗaga murya ba.

Baturen bai ji Hausa ba, amma ya gane tambayar. Ya nuna ni.

Na roƙe shi ya goge, ya goge a gabanmu. Sai ya ƙara da cewa tun jiya hotunan duka sun tafi ofishinsu, zai yi ƙoƙari a goge shi a can ma. Wannan ma ni na fassara wa yayana, da bakina.

"Me kake nema a bayan gidana?" ya ce.

Na ce, "Yaya, gambar nan ce."

Ya ce, "Da ka tambaye ni, da mun taka tare."

Na ba shi haƙuri a wurin, na sake ba shi a gaban mai unguwa, ya ce ya yafe. Cikin satin ya kafa rumfar zana ta rufe rabin tsakar gidan. Da na je na yi sallama zan wuce ciki kamar kullum, sai ya fito ya shimfiɗa mini tabarma a zaure, ya shiga ya kawo tuwon da kansa. Ina jin muryar matarsa ta bayan katanga, amma ba ta fito ta tare ni da tsiyar da ta saba ba.

Muna gaisawa, muna noma gefe da gefe, gamba tana nan inda take. Amma tun daga ranar, a zaure nake tsayawa.