Takalmi a Kan Tapin Rhissa

Rhissa ba mai yawan magana ba ne. Daga arewa ya sauko Dakoro shekarar da fari ya cinye masa raƙuma, da takobin ubansa a rataye da buta ɗaya a hannu. Ya yi dako a tasha, ya yi haƙar rijiya wajen Korahane. Da ƙarfi ya fara ja baya aka ba shi gadin gidan matasa, a can ya tsufa.

Babban ɗakin gidan shimfiɗe yake da koren tapi, wato kafet, bango zuwa bango, wanda wasu baƙi suka kawo suka tafi abinsu. Rhissa ne ya riƙe shi. Kullum sai ya share, inda ya ɓarke ya ɗinke da basilla. Doka ɗaya gare shi: takalmi ba ya hawa. Manya sun sha zuwa taro da takalma masu sheƙi, ya tsaya bakin ƙofa yana kallon ƙafafunsu har su tuɓe. Ba wanda ya ga laifinsa. Kowa haka aka rene shi, ba a taka shimfiɗa da takalmi.

Sai Abarci, malamin motsa jiki, wanda ake kira Mushe kamar kowane malamin boko, ya dawo daga Yamai da jaka cike da siraran takubba da hulunan ragar ƙarfe masu rufe fuska. Ya ce sunan wasan eskirim. Rhissa ya ɗauki takobi ɗaya ya lanƙwasa shi da yatsa.

"Mushe, wannan ko guna ba ya yankawa."

"Ba yanka ake ba, Baba. Taɓawa ake."

Abarci ya manna sikoc, wato salatef, a kan tapin, ya fitar da dogayen layuka inda mutum biyu za su fuskanci juna. Yara suka cika ɗakin, duk da safa, takalmansu jere a waje. Cikinsu har da Raudatu, jikar Rhissa, wadda ba a daɗe ba ta fi kowa.

Rannan da zafi, sikoc ya ɗago baki. Raudatu ta kai hari, safa ta zame, yatsanta ya sarƙe a sikoc ɗin, ta faɗi a kan idon sawu. Rhissa ne ya goya ta zuwa wajen maɗori.

Da la'asar Abarci ya same shi a bakin ƙofa.

"Baba, laifina ne. Da takalmi ake wasan nan, mai kama ƙasa. Na sani tun farko, nauyinka na ji."

Ya ce an sa gasa, yaran Kornaka da na Sabon Maci za su zo, wanda ya yi fice a tafi da shi Maradi. Ba a iya yin ta a waje, rairayi ne, ƙafa nutsewa take. In da safa za a yi, shi ya fasa. Uwar Raudatu ma ta ce muddin haka ne ɗiyarta ta bar wasan ke nan.



Washegari Rhissa ya ɓamɓare sikoc ɗin kaf. Ya samo farin ƙyalle wajen tela, ya tsaga shi siri-siri. Abarci ya auna, shi kuma ya ja igiya kamar mai gyara sahun masallaci, ya durƙusa da basilla yana ɗinke ƙyallen a jikin tapin, ɗinki kusa da kusa. Ya gama layi sai ya sa farce ya gwada ɗaga bakin. In ya ɗagu, ya warware ya sake. Gwiwoyinsa suka yi kanta. Kafin ya gama, ƙafar Raudatu ta warke.

Ranar gasa aka tarar da shi zaune bakin ƙofa da roba cike da ruwa da soso da tsumma. Yaron farko ya sunkuya ya tuɓe, zai aje a gefe. Rhissa ya miƙa hannu ya karɓa, ya wanke ƙasan takalmin, ya zaƙule tsakuwar da ta maƙale, ya goge har ya bushe.

"Sa ka shiga."

Yaron ya waiwaya yana neman wanda zai ce masa wasa ne. Sannan ya sa takalmin ya shiga. Haka Rhissa ya bi su ɗaya bayan ɗaya.

Raudatu ta miƙo nata tana murmushi.

"Tsoho, ashe ka fi sona da tapin nan?"

"Ke tafi can, mai ƙafar kaza. Ki sake faɗuwa yau ki gani, sakinki zan yi."

"Wa zai kwashe ka in na tafi?"

Karon ƙarshe ya zo tsakaninta da wata doguwar yarinya daga Kornaka. Rhissa ya bar robar ya tsaya jikin bango. Yana saurayi ya ga maza sun zare takobi a bakin rijiya, da ihu da ƙura da jini. Bai taɓa ganin irin wannan ba. Ɗakin tsit, sai ƙarar ƙarfe siririya. Su biyu suna gaba suna baya a tsakanin fararen layukan da ya ɗinka, ba mai ƙetarewa, kamar igiya ɗaya ke jan su. Hannun ma ido ba ya iya bin sa.

Shi ƙafa yake kallo. Ya ga Raudatu ta ɗan ja baya, ta tattara jiki, ta miƙe gaba ɗaya kamar an harba ta. Diddigenta ya sauka daidai inda ta faɗi rannan. Ya kafe. Bai motsa ba ko kaɗan. Takobin ya lanƙwashe a ƙirjin doguwar, Abarci ya ɗaga hannu wajen Raudatu, ɗakin ya kaure da sowa.

"Allahu akbar," in ji Rhissa, a hankali, ba da kowa yake ba.

Da aka watse ya ɗauko tsintsiya. Ya share ko'ina, sai ya iso wurin da diddigen Raudatu ya lotsa tapin. Ya tsuguna ya sa tafin hannu a kai, ya daɗe, sannan ya share.

Raudatu ta tafi Maradi. Manya kuwa har yau in sun zo taro tuɓewa suke. Robar da soson na masu takobi ne kaɗai.