Waƙar da Ke Shigar da Abu Fahad Mota

Akwai ranar da har gobe ba ta bar zuciyata ba, cikin shekarun da na yi ina tuƙi a wani gida a Al-Jaradiya. Ku da kuka zo kwanan nan ku sani, direban gida a Riyad ba shi da ta cewa. Kafil, wato wanda iƙamarka ta zaman ƙasar take hannunsa, in ya gaji da kai huruj zai buga maka, bizar fita ke nan, sai gida.

Aikina shi ne kai tsohon gidan, Abu Fahad, wankin ƙoda. Ruɗewar tsufa ta kama shi, 'ya'yansa ma ba ya gane su, kuma da ya ga mota sai ya riƙe ƙofa ya ƙi shiga. Likita kuwa ya ce yawan fashin wanki ajali ne.

Wata safiya na ji yana rera wani abu ƙasa-ƙasa. Na gane ta, waƙar kantiri ce ta wata tsohuwar mawaƙiyar Amurka, kawuna yana sauraronta a rediyo a Kaduna. Ashe a can tsohon ya yi karatu yana saurayi. Na nemo a waya, na sa wadda ta sake rerawa bayan ta shahara, ko kallona bai yi ba. Sai da na samo ta farkon, siririyar muryar yarinya da jita ɗaya, faifan har yana shacewa. Ya saki ƙofa ya shiga da ƙafarsa.

To, babban ɗansa Fahad, kafil ɗina, ya hana kiɗa a motocin gidan. Ran nan ya ce da shi za mu. Tsoho ya riƙe ƙofa, aka yi lallashin duniya, lokacin asibiti yana wucewa.

Fahad ya kira sunana ya ce, "Ya Isa, kai yaya kake yi da shi kullum?"

Na tuna iyalina a Zariya. Na ce a raina, in ta yi ruwa rijiya, in ba ta yi ba masai. Na kunna.

Tsoho ya shiga, yana bin waƙar da Turanci baiti-baiti, bai tsallake ko kalma ba. Fahad ya zauna gefensa, fuskarsa ta cika da fatan uban zai gane shi. Da waƙar ta ƙare ya kama hannun uban, ya kira shi yadda suke cewa Baba a can.

"Yuba, ni ne Fahad."

Tsohon ya dube shi, ya leƙo wajena ya ce, "Direba, wannan baƙon a ina za mu sauke shi?"

Wallahi ban taɓa jin tausayin mai arziki kamar ranar ba. A ƙofar asibiti Fahad ya ce, "Ka riƙa sa masa." Bai ƙara bin mu ba har tsohon ya rasu da sanyin shekarar.

Abin da na koya ke nan: madubin mota yana nuna wa direba abin da masu gida ba sa son a gani. Fahad bai kore ni ba, amma tun ranar bai sake haɗa ido da ni ba.