Ranar da Fina-finaina Suka Tafi Gadin Shinkafa

Na kai shekarun da mantuwa ta fara yi mini sallama. Sai in fito gida in yi nisa, in komo in taɓa kwaɗo don in tabbatar na kulle, alhali na san na kulle. Amma akwai yini guda da ba na tsoron zai ɓace mini har in koma ga Mahaliccina, shi ne yinin da na buɗe akwatin fina-finaina don in zaɓi waɗanda za a kai gona.

Ni karatuna bai wuce firamare ba. Da na tasa sai na kama kabu-kabu, ina ɗaukar 'yan kasuwa daga Bagudo zuwa bakin iyakar Benin. Abokan sana'ata abin da suka samu wurin mai shayi da mai tsire yake ƙarewa, ni kuwa nawa a teburin mai kaset. Da fina-finan faɗa na 'yan Caina na fara, lokacin jini yana tafasa. Da na shiga neman aure sai na koma na Indiya. Bayan an kawo amarya na shiga sayen na Hausa, tun ana yin su a kaset har aka koma faifan sidi.

Akwatin ƙarfe na saya musu, na ɗora shi a kan bulo saboda gara, na zuba kafur, kowane faifai da tsummansa. Ba na ba da aro, don na san hannun mutane. Abin da zai ba ku dariya shi ne ni ma ban cika kallonsu ba. Na sa wa raina cewa kowane kallo yana rage wa faifai kwana, don haka sai in kalla sau ɗaya in goge in adana. Shirina shi ne in na tsufa na ajiye babur, in shimfiɗa tabarma in bi su ɗaya bayan ɗaya. Ana nan na'urar kaset ta mutu, babu mai gyara. Waya ta zo, kowa ya koma wurin masu tura fim. Akwatina yana ƙarƙashin gado yana jiran tsufana.

Muna da gonar shinkafa a fadama wajen kogin Kwara, ni da yayana muke nomanta tare. Daga cikinta gidansa yake ci, daga cikinta gidana yake ci, har da Innarmu da ta tsufa tana zaune wurina. A shekarar da nake ba ku labari shinkafar ta yi kyau, ta fitar da kai, ƙwayar tana nono, sai jan-baki ya sauka. Wanda bai taɓa ganin tsuntsun nan ba zai ce hayaƙi ne ya taso daga bakin kogi. Muka ɗaura gwangwanaye a igiya, muka yi ta jifa da majajjawa, muka yi ihu har murya ta dushe. Ka kore su nan su sauka can.

Wata safiya bayan an fito masallaci Yaya ya biyo ni gida. Bai daɗe da dawowa daga tsallaken iyaka ba, wurin kawunnanmu Dandawa, dangin Inna.

"Auta, wurin akwatin ga naka na taho."

"Wane akwati, Yaya?" Na san wanda yake nufi sarai.

"Wanda kaka zuba ma kafur kamar mai shirin jana'iza."

Ya ce a can ya ga yadda suke yi. Sai su zare zaren kaset su ja shi tsakanin sanduna, in iska ta taɓa shi ya yi ta ƙyalli yana kuka. Faya-fayan sidi kuma a rataye su da igiya, suna juyawa suna walƙiya, tsuntsu ya kasa natsuwa ya sauka.

"Garin ga duka babu mai tarin su kamar kai," in ji shi. "In munka ƙara kwanaki haka, ƙaiƙayi za mu kai ma Inna."

Ban iya ce wa Yaya a'a ba, ban taɓa ba. Amma bakina ya ƙi cewa to. Sai na ce ya ba ni zuwa la'asar in tace, in fitar da waɗanda zan iya rabuwa da su. A raina ina lissafin in ba shi 'yan kaɗan daga sama, in ce sauran ba su da ƙyalli.

"Tsuntsu dai bai san la'asar ba," in ji shi, "amma je ka tace."

Na aro janareto wurin mai askin unguwarmu, na kakkaɓe na'urar sidi, na jona. Uwargida ta kawo kujerarta tana tsinke zogale. Inna tana bakin ƙofa a kan tabarma da carbinta, ta ba mu rabin baya. Ita tun can ba ta kallon fina-finaina, sunan da ta sa musu shi ne hayaniya.

Na fara da wanda na fi so ina saurayi, don tsofaffin da suka kwanta mini a rai duk na sake sayensu a sidi. Jarumin ya shiga wani gidan abinci, mutane suka taso masa, ya yi ta watsa su a kan tebura. Da can a nan nake miƙewa tsaye ina naushin iska. Ran nan kuwa idona bai tsaya kan jarumin ba, sai kan wani tsoho mai gidan abincin da ya raɓe a lungu ya dafe kai.

"Yanzu wa zai gyara wa bawan Allahn nan teburansa?"

Ban san a fili na faɗa ba sai da na ji uwargida ta tuntsire da dariya. Na ci gaba da kallo, amma kowane mutum aka kayar sai in tuna yana da uwa a gida. Na cire faifan, na ajiye shi gefen na gona.

Na sa na Indiya, wanda na haddace waƙoƙinsa ba tare da na san ma'anar ko kalma ɗaya ba. Saurayi yana waƙa a ƙarƙashin taga, uban yarinya yana leƙowa fuska a murtuke. Shekaru ina jin haushin dattijon nan. To amma yanzu ni ma ina da 'ya budurwa a gida.

"Wai yaron nan mece ce sana'arsa?" na ce. "Tun da aka fara ban ga ya fita aiki ba."

Uwargida ta ajiye zogalen. "Ashe, Maigida? Ba kai ne kaka zuwa ƙofar gidanmu gashi ya sha mai, kana tafiya irin tashi ba? Da babana ya yi irin tambayar ga, da yanzu kana ina?"

"Ni ai ina da babur."

"Na haya."

Na cire faifan, na ɗora shi a kan na farko.

Na Hausa kuma, waɗansu duk da tsumma da kafur sun yi tabo, sai su fara su cije. Waɗanda suka yi, da an zo wurin rawa sai in ji kunya ta kama ni, in saci kallon Inna in rage murya. Tsibin na gona yana ta tashi. Tun ina sa faifai in jira, har na koma in ga farkonsa kawai in cire. Na kaset kuwa ko gwada su babu hali.

A nan ne na tsaya ina kallon tsibin. Ba rabuwa da su ne ya dame ni ba a lokacin. Na yi shekaru ina yi wa wani tsoho tanadi, ina hana kaina, ina hana maƙwabta, ga tsohon ya iso ya zauna a kan tabarmar, kuma ba ya so.

Can ƙasan akwatin akwai wani faifai da na tsana. A wata kasuwa ta tsallaken iyaka na saye shi, bangonsa da hoton wani ƙato riƙe da bindiga. Da na zo gida na sa, sai na tarar mai kaset ya yi kuskuren bango. Wani fim ne da Dandanci, babu faɗa babu waƙa, wani tsoho ne kawai a bakin kogi yana ɗinkin taru. Ban kai ko'ina ba na cire a fusace. Da na koma kasuwar mutumin ya tashi, ni kuma ba na iya yar da abu, sai na tura shi ƙasa. Ran nan har na ɗaga shi zan jefa cikin tsibin, sai na ga bai kamata in yanke masa hukunci ban saurare shi ba, tunda kowa na ba shi damarsa. Na sa.

Tsohon ya yi sallama da wani mai jirgi, suka shiga gaisuwa irin tasu mai tsawo. Sai na ji carbin Inna ya tsaya.

"Auta, ƙara maganar ga."

Ta juyo, ta ja tabarmarta har gaban talabijin, abin da ban taɓa gani ba. Ni Dandancina sama-sama ne, inda ya ƙare mini sai ta fassara, ba ta ko dube ni ba. Ɗan tsohon ne ya tafi neman kuɗi can bakin teku, ya daɗe. Kullum uban yana kawo tarunsa bakin ruwa wai ɗinki yake yi, alhali jiragen da ke zagayo kwana yake duba. Matarsa ta sani, shi ma ya san ta sani, babu mai faɗa wa wani. Inna tana nuna mana abubuwa da baki: yadda matar ta ɗaura kallabi, irin turmin, irin kifin da aka shanya. "Haka gidanmu yake," in ji ta. "Haka ɗai."

Ni ma babban ɗana yana kudu wurin aiki. In ya kwana biyu bai kira ba, nakan ɗauki waya in ce caji nake dubawa. Uwargida ta ɗago ta kalle ni, na yi kamar ban gani ba.

Har fim ɗin ya ƙare yaron bai dawo ba. Saƙon gishiri da gaisuwa kawai ya aiko ta hannun mai jirgi, tsohon ya karɓa ya koma kan ɗinkinsa. Sai a lokacin na lura ban motsa ba tun da aka fara, ban kuma damu da man janareto ba. Inna ta share ido da bakin mayafi.

"Wanga shi ne mutane," ta ce. "Ina ka ɓoye shi duk shekarun ga?"



Ana sallame la'asar Yaya ya iso da buhu. "To, mai tacewa, nawa anka yahe muna?"

"Duka, ban da ɗaya."

Ya dube ni ya dubi uwargida, ko wasa nake yi. Sai wani tunani ya faɗo mini. "Amma Yaya, a cikin na Hausan akwai inda ake sallama da ambaton Allah. In faifan ya faɗi cikin laka fa?"

"Sai ka ɗaure shi yadda ba shi faɗuwa. Kai za ka yi ɗaurin ai. Ɗaurinka ko mai shi ba ya kwancewa."

Muka ɗora buhun a babur muka nufi fadama. Kaset na farko da na soka wa tsinke na ja zarensa, sai da na kau da kai. Na biyu bai yi zafi haka ba. Muka kafa sanduna, muka ja zare daga wannan kunya zuwa waccan, ni ina bi ina rataya faya-fayai, kowanne ƙulli a kan ƙulli.

"Masu faɗan nan kai su bakin ruwa," in ji Yaya, "can abokan gaba ka shigowa. 'Yan Indiya bar su tsakiya su yi ta rawa."

Kafin rana ta faɗi iska ta taso daga kogi. Gonar duka ta ɗauki walƙiya, zaren yana wani kuka siriri. Jan-baki ya taho kamar kullum, ya yi ƙasa-ƙasa, sai ya murɗe ya faɗa cikin ciyawar gaɓa. Yaya ya cire hula ya sake sawa. Ni kuwa na tsaya ina kallo, ban taɓa ganin fina-finaina duka a lokaci guda ba sai ran nan.

Ba zan yi muku ƙarya ba, tsuntsun bai gudu gaba ɗaya ba. Bayan kwanaki ya fara sabawa, sai da muka riƙa sauya wa faya-fayan wuri, ihu ma ba mu daina ba. Amma sun riƙe mana gonar har ƙwaya ta yi tauri. Abin da muka girba bai kai na shekarar da ta gabace ta ba, ya dai kai gidajen biyu wata damina. Ranar da aka tuƙa tuwon sabuwar shinkafa uwargida ta ajiye mini kwano ta ce, "Ci, Maigida. Saurayin nan naka na Indiya dai ya sami sana'a."

Faifan da ya rage kuwa, Inna ta yi ta kallonsa har Allah ya karɓi abinsa. Duk ranar da ta ce a sa, sai in sa, ban sake tunanin ana rage masa kwana ba. Yanzu ya karce, yana cijewa daidai inda jirgi yake zagayo kwana, kuma ya fi mini duk abin da akwatin nan ya taɓa ɗauka.

Abin da yinin nan ya koya mini shi ne, in ka kulle abu don gaba, ba kai ne za ka buɗe shi ba. Wani mutum ne zai zo, mai irin sunanka, da wasu idanu da wata zuciya, kuma ba ka san abin da zai so ba. Don haka abin da yake yi maka daɗi yau, ka shimfiɗa tabarma yau, ka kira mutanen gidanka ku kalla tare tun suna nan.