Ranar da Aka Hana Maman Lizzy Filasko

Duk wanda ya tashi a layinmu na unguwar Television, a zamanin da masaƙun Kakuri ke busa jiniya, akwai wani ɗanɗano da har yau bai bar maƙogwaronsa ba. Ganyen filasko ne da aka dafa da tsamiya, kuma hannu ɗaya ne ya ɗura mana shi duka: na Mama Scholastica, wadda kowa ke kira Maman Lizzy.

'Yar Kagoro ce, gajera, kakkaura, mijinta Baba Benson ma'aikacin masaƙa. Gidan haya ɗaya muke zaune, ɗakuna suna kallon juna, banɗaki guda a can ƙarshe. Sana'arta ƙosai da kunu a bakin titi, ba ta taɓa kiran kanta mai magani ba. Sai dai ta yi imani duk wata matsalar ɗan Adam daga ciki take tasowa. Yaro ya faɗi jarrabawa, dattin ciki ne. Miji ya cika faɗa, a tambaye shi yaushe rabonsa da banɗaki. Akwai wani fasto mai dogon wa'azi da ta taɓa cewa da za a bar mata shi Asabar ɗaya, da an riƙa tashi daga coci kafin shinkafa ta huce.

Asabar ɗin ƙarshen hutu ita ce ranar wankin ciki. Tun da safe iyaye mata ke miƙa mata 'ya'yansu, har da na gidajen maƙwabta, wai kada a koma makaranta da dattin mangwaro da alewar hutu. Tana da tsarinta. Yaran ɗakin bakin ƙofa take fara ba, ta koma ta juya tukunya, ta ɗan yi hira, sannan ta kira na ɗakin gaba. Mun ɗauka jan rai ne kawai, sai shekarar da ta tafi jana'iza ƙauye, wata maƙwabciya ta karɓi aikin ta shayar da mu gaba ɗaya a lokaci guda. Ba zan faɗi abin da ya faru a ƙofar banɗakin nan ba. Abin da zan iya cewa, mai gonar masarar bayan gida ya daɗe ba ya amsa gaisuwar iyayenmu.

Amma da yamma, idan ƙafafu sun yi sanyi, ido ya faɗa, sai ta shimfiɗa mana tabarma ta kawo faten acca da yakuwa da gauta, mai zafi, ta zauna tana kallo har mu sha. Ban ƙara cin fate mai daɗin wannan ba, ko da yake wataƙila yunwa ce ta yi rabin girkin. A nan take mana huɗubarta: a sha ruwa tun kafin ƙishi, a ci ganye kullum, a tauna abinci kamar ba a kora mutum, a taka da ƙafa bayan an ci. In jiki ya kira, a amsa, ko ana tsakiyar kallon ƙwallo ne. Tana kuma cewa mai riƙe fushi cikinsa ba ya sakewa, shi ya sa ita take faɗa wa Baba Benson nasa nan take.

Filaskon a kasuwar Kakuri take saya, wurin Hajiya Indo, wata 'yar Makera mai sayar da saiwoyi da kayan yaji. Tun suna matasan mata suke ciniki, suna tsokanar juna. Indo na kiranta Shugabar Masu Gudawa, ita kuma tana cewa mudun Indo ya fi na kowa rowa. Ko a shekarun da garin ya rikice, mutane suka daina shiga unguwannin juna, ƙullin filasko bai fasa zuwa Television ba, ta hannun wani direban bas, kuma kwanon ƙosai bai fasa komawa Makera ba.

To, zamani ya juya. Masaƙu suka rufe, Baba Benson ya riga mu gidan gaskiya, mu yaran gidan muka watsu. Iyayen yanzu kemis suke zuwa, kuma kowane ɗaki da banɗakinsa. Maman Lizzy ta koma Narayi wurin 'yarta Lizzy, wadda ke da shagon gyaran gashi. Mai shan tukunyar ya rage mutum ɗaya, ita kanta.

Bara ne Lizzy ta lura zanin uwarta ya fara zagaya ta fiye da da. Takan daɗe ba ta zaga ba, idan kuma ta je, akwai jini. Uwar ta ce basir ne, kamar yadda kowa a garin nan ke cewa, ta ƙara yawan ganye a tukunya. Lizzy ta yi magiya a je asibiti, ta ƙi. Ta riga ta ji labarin abin da ake yi a can: a zura wa mutum kyamara ta baya, wani yaro da bai kai Lizzy ba ya zauna yana kallon hanjinta a talabijin. Ta ce ita da ta wanke cikin yaran layi guda, ba za ta kai nata wani ya wanke ba. Lizzy kuwa ta san in aka ci gaba a haka, uwar ba za ta ga wata Kirsimeti ba.

Ta kira mu tsofaffin yaran gidan, muka je rarrashi da furfurarmu da tumbinmu. Maman Lizzy ta tarbe mu da murna, ta dubi cikin kowa ta faɗa masa laifinsa, ta sallame mu da shawara. Fasto ma ya je. Shi ma da shawara ya fito.

Wata Litinin Maman Lizzy ta hau keke napep zuwa Kakuri don ƙaro ganye. Lizzy ce ta raka ta, ita ce kuma ta ba ni labarin. Indo ta daɗe tana kallon ƙawarta kafin ta amsa gaisuwa, sannan ta jawo buhun filasko ta ɗaure bakinsa, ta zauna a kai.

"Babu," in ji ta.

"Hajiya, a kansa kike zaune."

"Na sani. Kujerata ce yau. Maman Lizzy, yaran wa kike wankewa? Tun damina kike sayen na mutum goma, ga ki kin koma kamar tsinken tsire."

Maman Lizzy ta ce basir ne, kuma in rowa ce ta motsa, kasuwa ba ta mutum ɗaya ba ce. Indo ta ce ta je ta gwada, tun makon jiya ta bi layin nan rumfa rumfa ta gaya musu duk wanda ya sayar mata, shi da ita. Daga nan muryarta ta sauka. Ta ce yayanta Malam Haruna ma basir suka yi ta cewa, ita da hannunta take dafa masa, har ranar da aka kai shi asibiti aka ce sun makara.

"Na binne ɗan'uwa da wannan ganyen a hannuna," ta ce. "Ba zan ƙara da ke ba. Ki yi fushi, dama kin iya."

Ta yi fushin kuwa.  Washegari da safe ta fito da zanin zuwa coci, ta ce wa Lizzy ta kira wannan matar mai taurin kai, in har za a nuna ta a talabijin, to sai wadda ta jawo ta zo ta gani. Indo ta rufe rumfa ta zo da hijabinta da flas ɗin shayi.

Abin da ya fara sanyaya mata rai, likita ya ce kafin a duba hanji sai an wanke shi tas, ya ba ta wani ruwa mai yawa ta je gida ta sha. Ta dubi Lizzy, ta dubi Indo, da fuskar wadda aka daɗe ana zalunta gaskiyarta ta fito. Ashe su ma wankewa suke yi. Amma da ta kurɓa sai ta ce aikin nan ba su iya shi ba, babu tsamiya, babu mai zama kusa da kai, kuma ba wanda ya yi maganar fate. Duk da haka ta shanye, Indo na tsaye a kanta tana tuna mata yaran mutane nawa ta toshe wa hanci.

An sami wani tsiro a hanjin, aka yi aiki aka cire. Likita ya ce sun zo bai yaɗu ba, amma da ƙyar. Ya hana ta filasko har abada, ya ce ta riƙe ganye da ruwa da tafiya. Ta gaya masa wannan tun ba a haife shi ba take faɗa.

Na je duba ta a watan jiya. Ta fara mayar da jiki, tana zaune a ƙofar shagon Lizzy tana tsinke zogale, tana ba matan da ke jiran kitso labarin yadda ta yanke shawarar zuwa asibiti da kanta. Lizzy ta ce a taron Zumuntar Mata na coci ma haka take faɗa, kuma mata da dama sun je an duba su. Sunan Indo ba ya fitowa a labarin, sai dai duk Litinin akwai kwanon fate da ke tafiya Kakuri.

Da na tashi tafiya ta riƙe hannuna, ta tambaye ni ko na haura hamsin. Na ce na ɗan haura, amma lafiyata ƙalau.

"Haka ni ma na ce," in ji ta. "Lizzy, ba shi lambar yaron nan likita."